Sakandaren intanet za ta iya taimaka wa 'yata da ciwo ke hana ta zuwa makaranta?

Wani mahaifi daga Funtuwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar malamai da iyayen da suka san wannan harka. 'Yata tana aji huɗu na sakandare, kuma tana fama da ciwon sikila. Duk shekara da zarar hunturu ya kankama sai ciwon ya tashi, ta kwanta mako biyu ko uku, wani lokacin ma a gadon asibiti. Idan ta koma makaranta sai ta tarar an yi mata nisa, kuma babu mai maimaita mata, domin ajinsu ya haura mutum tamanin, malamin lissafinsu kuwa shi kaɗai yake zagaya azuzuwa da dama. A zangon da ya wuce na same ta da daddare tana kwafe darasin mako uku daga littafin ƙawarta da hasken fitilar waya, tana rubutu tana share hawaye, saboda ba ta gane abin da take kwafa. Burinta ta karanci harhaɗa magunguna. Wani abokina ya ce akwai makarantun sakandare da ake yi gaba ɗaya ta intanet. Shin da gaske suna magance irin wannan matsala, kuma jami'o'inmu za su karɓi takardar shaidarsu?

Wata uwa mazauniyar Amurka

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ina zaune a jihar Fulorida, inda gwamnati take da makarantar intanet mai suna Florida Virtual School tun daga 1997, kuma ɗana ya ɗauki darasi guda a cikinta yayin da yake zuwa makarantarsa ta yau da kullum. Abin da na lura da shi shi ne, makarantar da muka saba da ita lokaci take aunawa: an buga ƙararrawa, an ba da darasi, wanda ya samu ya samu, wanda yake kwance a gida ya rasa. A can kuwa darasin yana nan a ajiye yana jiran yaro. Idan bai gane ba sai ya maimaita shi sau biyar ba tare da wani ya yi masa dariya ba, idan ya warke daga rashin lafiya kuma sai ya ci gaba daga inda ya tsaya. Akwai malama ta gaske a bayan kwamfutar, wadda take duba aikinsa, kuma lokaci zuwa lokaci takan kira shi a waya ta yi masa tambayoyi baki da baki, don ta tabbatar shi ne ya yi aikin da kansa. Ga yarinya irin taka, wannan sassauci ba ƙaramin abu ba ne.

Amma zan gaya maka gaskiya, Malam. Makonni biyu na farko na sakar masa, na zaci yana karatu, sai da malamar ta kira ni na gane ko aiki ɗaya bai miƙa ba. Daga ranar na riƙa zama kusa da shi bayan sallar magariba.

Malamin kimiyya daga Zariya

Malam, sannu da ɗawainiya, Allah ya kawo sauƙi. Na shafe shekaru ina koyar da kimiyyar sinadarai, kuma tambayarka ta biyu zan fara amsawa, domin a nan ne iyaye suke asarar kuɗi. A ƙasar nan makaranta ba ita ce take ba da shaidar da jami'a take dubawa ba. Abin da ake nema shi ne sakamakon WAEC ko NECO ko NABTEB, da kiredit biyar har da Ingilishi, da kuma lissafi ga mai son fannin kimiyya, sannan makin JAMB. Saboda haka duk wata makarantar intanet da ta yi maka alkawarin takardar ƙasar waje, ka tambaye ta ƙarara wace jarrabawa za ta shirya 'yarka ta zauna, kuma a wace cibiya. Idan aka fara yi maka kwana-kwana, ka riƙe kuɗinka. Ƙofar a buɗe take ga wanda ya yi karatu a gida, domin WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda muka fi sani da GCE, kuma a cikinta ana rubuta takarda ta musamman a madadin gwajin ɗakin kimiyya. Sai dai ni a ganina, yarinyar da take son harhaɗa magunguna bai kamata ta shiga jami'a ba tare da ta taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunta ta ga ruwa ya sauya launi ba. Bidiyo yana nuna abin, amma ba ya koya wa hannu.

Na yarda da Hajiya cewa intanet tana toshe manyan ɓarakoki guda biyu, wato rashin ƙwararren malami da kuma tafiyar da kowa bisa gudu ɗaya. Ina ganin haka a ajina kullum, kuma abin yana damuna ƙwarai. Amma akwai binciken da cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford ta fitar a 2015 a kan ɗaliban da suke karatu kacokan a wasu makarantun intanet na Amurka. An gano cewa a shekara guda sun kasance a bayan takwarorinsu da kimanin kwana 180 na karatu a lissafi, da kwana 72 a karatun rubutu, alhali shekarar karatun kanta a can kusan kwana 180 ce. Wannan fa a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa. Mu ma mun ga namu a 2020 lokacin kullen korona, sa'ad da aka koma darasi ta rediyo da waya: yaran da suke da babba a kansu sun ci gaba, sauran kuwa sun dawo kamar ba su taɓa shiga aji ba.

Shawarata ita ce kada ka cire ta daga makaranta. Ka bar sunanta a rajista domin ta samu ɗakin gwaji kuma ta zauna jarrabawa tare da 'yan ajinsu, sannan ka sa intanet ta riƙe ta a makonnin da take kwance. Akwai manhajar Nigeria Learning Passport, wadda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kyauta ce kuma bisa tsarin karatun makarantunmu aka tsara ta. Ka je wurin shugaban makarantar da takardar likita, ka roƙi tsarin darussan zangon tun daga farkonsa, domin ta san abin da za ta bi idan ciwon ya zo.

Wata ɗalibar jami'a

Baba, ni ma mai sikila ce, kuma shekarata ta ƙarshe a gida na yi ta, da waya da tsofaffin takardun tambayoyi, na zauna NECO ta masu zaman kansu. Karatun ya yiwu, alhamdu lillahi. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne kaɗaici, domin ina jin hayaniyar 'yan makaranta suna wucewa ta ƙofar gidanmu da safe ni kuma ina ɗaki. Don Allah, duk abin da za ku yanke, a tambaye ta ita ma, kuma kada a raba ta da ƙawayenta.

Mahaifin

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na zauna da ita da mahaifiyarta, ta ce ba ta son barin makarantar, abin da take so kawai kada a wuce ta. Ranar Litinin zan je wurin shugaban makarantar da takardar likita. Malam na Zariya, ina da sauran tambaya guda: ana iya sauke darussan a waya a duba su daga baya? A unguwarmu sabis ba ya kamawa sosai sai tsakar dare.