Mece ce ainihin ma'anar "sowa", kuma a ina ake amfani da ita?

Ɗalibin Harshe: Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske a kan kalmar "sowa", domin ina jin wasu suna cuɗanya ta da "ihu" da "shewa". Shin ma'anarsu ɗaya ce?

Malam Mai Nazari: Wa'alaikumus salam. Sowa ita ce ƙarar da taron jama'a ke ɗagawa lokaci guda saboda murna ko jinjina, kamar yadda 'yan kallo ke ɓarkewa da ita sa'ad da ɗan dambe ya kai abokin karawarsa ƙasa, ko aka jefa ƙwallo a raga. A ganina, da wuya a ce mutum ɗaya ya yi sowa, domin aba ce ta taro. Ihu kuwa ya fi ta faɗi, tunda ana yin sa don tsoro, ko zafin ciwo, ko neman agaji, shi ya sa ake cewa "ihu bayan hari".

Hajiya Uwar Ɗaki: Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ya bar shewa a baya. Shewa galibi mata ne ke yin ta, tare da tafa hannu da dariya, kuma sau da yawa akwai ba'a ko habaici a cikinta, saboda haka wanda aka yi wa shewa ba lallai ba ne yabonsa ake yi.

Ɗalibin Harshe: Na gode, Hajiya. To, guɗa fa?

Hajiya Uwar Ɗaki: Ita guɗa rangaɗa ta ake yi, ɗana, kuma mace ɗaya ma ta isa ta cika gida da ita ranar kai amarya.