Tseren keke a tsakiyar hunturu: koyon aiki ne ko ɓata jiki?

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Lasisina na British Cycling, hukumar tseren keke ta Birtaniya, ya fito, aji na huɗu, wato ajin sababbin shiga. Ina da niyyar fara tsere a filin keke na Hillingdon da ke yammacin Landan cikin Disamban nan. Ina neman shawararku.

Kawu: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, Auta. Shawarata ita ce ka bari sai bazara. Tseren da'ira, wato na zagaya rufaffen fili, a hunturu ba na irinmu ba ne, mu da za mu tashi ranar Litinin mu tafi neman abinci. Hunturu lokacin gina jiki ne: doguwar tafiya a hankali, awa uku ko huɗu, kana tuƙi kana hira da na kusa da kai, numfashi bai ɗauke ba. Wanda ya ƙona ƙarfinsa a Disamba da Janairu, kafin watan Mayu ya gaji, daidai lokacin da tseren gaske ke kankama a kan titi. Sannan makin da ake samu a hunturu maki ne mai arha. Gwanaye suna gida suna hutawa, sai mutum ya kwashi maki a bayan idonsu ya ɗauka ya iya.

Baban Amira: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma maganar arha ban yarda da ita ba ko kaɗan. Mu duba lissafin. Ɗan aji na huɗu yana buƙatar maki 12 a kaka ɗaya kafin ya hau aji na uku. A irin waɗannan ƙananan tsere, na ɗaya yana samun 10, na biyu 8, na uku 7, a yi ta sauka har na goma mai maki 1. Na sha ɗaya ba shi da komai. Wato ko ka ci tsere sukutum, bai ishe ka ba, sai ka sake dawowa. Kuma kakar maki tana farawa ne ranar 1 ga Disamba, kowa ya koma sifili, kowa da yunwarsa. Wa ake samu a layin farawa? Duk wani sabon shiga, komai ƙarfinsa, daga aji na huɗu yake farawa. Za ka tarar da mai tuƙa kwale-kwale, da mai gasar nan ta ninƙaya da keke da gudu, da wanda ya shekara yana tsere a Zwift, manhajar tseren keke ta intanet, cikin ɗakinsa. Ƙafafunsu na aji na biyu ne, lasisin ne kawai na huɗu. Ina arhar take?

Kawu: To ai ka kawo mini hujjata da bakinka. Mutane masu ƙarfi, marasa sanin tafiya cikin gungu, a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, yatsu sun ƙage da sanyi ba sa jin birki sosai. Hillingdon a unguwarmu take, na san ta. Zagayenta kusan kilomita ɗaya da rabi ne, babu wani tudun kirki da zai tace mutane. Gungu ba ya tsinkewa, haka za a zo zagayen ƙarshe a dunƙule, kowa yana ganin shi ma zai shiga goman farko. A nan ake zubewa. Ba sau ɗaya ba na tsaya a bakin filin na ga an ɗebe mutum.

Maman Yusra: Kawu, a kan faɗuwa gaskiyarka, kuma a wurin aikina ina ganin sakamakonta. Ƙashin nan da ya haɗa wuya da kafaɗa shi ne ya fi karyewa masu keke, kuma makonni ne kafin mutum ya koma daidai. Mai aikin hannu ko mai tuƙin haya ya yi wa kansa wannan lissafin tukuna. Iskar sanyi kuma busasshiya ce, in aka zuƙe ta da ƙarfi tana matse hanyar numfashi, shi ya sa ake ta tari bayan an gama. Mai asma kada ya je ba tare da abin shaƙarsa ba.

Amma ina da tambaya. Doguwar tafiyar da kake ba Auta shawara, a ina zai yi ta? A kan titi, tare da motoci. A Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu. Ƙananan hanyoyin karkara ba duka ake zuba musu gishiri ba, ga ramuka cike da ruwa, ga ƙanƙarar nan da ke shimfiɗe a kan kwalta ido bai ganinta. A cikin da'ira babu mota, kowa fuska ɗaya ya nufa, akwai alƙalin tsere, akwai mai taimakon gaggawa, kuma in filin ya yi ƙanƙara masu shiryawa sukan soke. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da awa ɗaya a can fiye da awa huɗu a bayan gari.

Malam: Ni ina ganin duk an wahalar da kai. Ga Zwift. Ka ɗora kekenka a kan na'ura, ka yi tsere da mutanen duniya, ba sanyi ba karaya. Hukumar keke ta duniya, UCI, da kanta ta shirya gasar duniya a kai a Disambar 2020. In ƙarfi ake nema, ga shi nan a falo.

Baban Amira: Malam, ƙarfi za a samu, ban musa ba. Amma abin da sabon shiga ya rasa ba ƙarfi ba ne. Auta ya fi ni ƙarfi a yau, na sha ganin bayansa a tudu. Abin da bai sani ba shi ne zama a tsakiyar mutane ana gudun kilomita 40 a awa, kafaɗa na gogar kafaɗa, bai firgita ba. Wanda ya fake a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar iska, to amma sai ka iya matsowa dab da tayar gabanka. Kuma kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayarsa ta baya, domin yana kaucewa kaɗan kai ne a ƙasa, shi ko ji bai yi ba. Sai ka san cewa birki kafin kwana ake taɓa shi, ba a tsakiyarta ba. Fedar da ke ɓangaren cikin kwana a sama take zama, in ba haka ba ta daki ƙasa ta ɗaga ka. Layin da ka shiga da shi, da shi za ka fita, saboda akwai mutane a bayanka da suka dogara da kai.

Akwai kuma abin da ke cinye sababbi ba su san dalili ba. Sai mutum ya ce bari in zauna a baya, ya fi aminci. A kowace kwana na gaba suna wucewa sumul, na baya kuwa sai sun rage gudu sosai, sannan su miƙe su bi da dukkan ƙarfinsu don su kamo. Ka yi haka zagaye bayan zagaye, ƙafa ta mutu, gungu ya tafi ya bar ka, kai kuma ka koma gida kana cewa ba ka da ƙarfi. Wurin zamanka ne ya kashe ka. Wace na'ura ce za ta koya maka wannan? Da koyo akan iya, kuma gara ya koya a filin da babu mota, kafin ya shiga tseren titi a Afrilu inda akwai gangare da mota mai zuwa ta ɗaya hannun.

Auta: Kawu, ka yi haƙuri in sa baki. Manyan gwanayen duniya irin su Mathieu van der Poel da Wout van Aert da Tom Pidcock duk sun sha yin tseren taɓo a hunturu, awa guda ana wuta. Van der Poel ya fito daga nan ya ci babban tseren Paris-Roubaix na Faransa a 2023 da 2024 da 2025. Ya aka yi bai ƙone ba?

Kawu: Ɗana, wannan mutumin keke ne aikinsa. Yana gamawa akwai mai tausa, akwai likita, akwai mai dafa masa abinci, gobe kuma barci zai yi. Kai kana gamawa za ka wanke keke a cikin sanyi, ka shiga aikin dare. Kada ka auna kanka da shi.

Kuma ga abin da babu wanda ya faɗa maka. Ranar da ka cika maki 12, ka bar aji na huɗu har abada, ba a komawa. Daga nan sau da yawa tare da 'yan aji na biyu za a haɗa ku, kuma hawa na gaba maki 40 ne. Na ga samari masu saurin ƙafa sun cika makinsu cikin 'yan makonni a fili mai laushi, suka tsinci kansu cikin manya ba su koyi komai ba sai gudun mita ɗari biyu na ƙarshe. Bazara ta zo, aka yi ta barinsu a baya, zuciya ta karye, suka jingine keken. Wannan ne ke damuna, ba sanyi ba. Ga tsada: yawancin inshorar keke ba ta biyan ɓarnar tsere sai ka ƙara kuɗi, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta tsaga firam ɗin kabon.

Baban Amira: Wannan ta hawa aji da wuri magana ce mai nauyi, na karɓa. Sai dai laifin gaggawa ne, ba na hunturu ba, a Yuni ma ana yin ta. Amma batun gina jiki, Kawu, tsarin da kake faɗa na mai awa goma sha biyar ne zuwa ashirin a mako. Mu da muke samun biyar ko shida, in duk muka yi su a hankali ba abin da zai ƙaru. Awa ɗaya mai zafi ranar Asabar ba ta ƙona kowa, in dai sauran kwanakin ya sassauta. Masu gajiya a Mayu su ne masu tsere ranar Asabar, su yi Zwift Talata da Alhamis, Lahadi kuma su ƙi yarda kowa ya wuce su.

Kuma unguwarku ce ma shaida. Bradley Wiggins yana ɗan shekara 12 ya yi tserensa na farko a 1992, a kan babbar hanyar Hayes tun ba a buɗe ta ga motoci ba. Shekara ashirin bayan nan ya ci Tour de France. A rufaffen fili ya fara.

Kawu: A rufaffen fili, na'am. Ban ce filin ne matsala ba. Watan nake magana.

Maman Yusra: Mu mata kuma lissafinmu daban ne. Sau da yawa ba mu da yawan da za a raba mu aji-aji, sai a haɗa sabuwar shiga da wadda ta shekara goma tana yi. In muka ƙaurace wa hunturu gaba ɗaya, mai shiryawa zai duba takarda ya ga suna kaɗan, baɗi ya cire tseren mata. Shi ya sa nake zuwa ko da na san ba zan samu maki ba.

Malam: In dai sai an je, to a zaɓi fili. Da'irar Redbridge tana da tudu mai kyau da ke raba mutane ƙungiya-ƙungiya, ba a isa ƙarshe a cunkushe kamar Hillingdon. Ta Lee Valley a Stratford mil ɗaya ce, tana da fitilu. Sannan Auta, ka duba lokacin salla kafin ka biya kuɗin shiga. A Disamba azahar wajen sha biyu take shiga, magariba kafin huɗu, la'asar a tsakani. Tseren rana zai iya cinye maka guda in ba ka shirya ba. Ka tafi da alwalarka da darduma.

Auta: Na gode ƙwarai. Ga abin da na yanke: zan shiga, amma ba kowane mako ba, kuma a farko ba zan nemi gudun ƙarshe ba. Zan zauna a cikin kashi ɗaya cikin uku na gaban gungu in koyi kwana. In ƙasa ta jiƙe sosai, in tsaya kallo.

Kawu: Allah ya tsare. Ka rage iskar taya kaɗan in da danshi, ka ɗumama jiki sosai kafin a tashi, kuma busassun kaya su kasance a jaka, kana sauka ka canza. Ra'ayina dai yana nan. Baban Amira, mu rubuta sunan duk wanda ya yi tsere a hunturun nan a cikinmu. A watan Yuni mu duba su wa har yanzu ke liƙa lamba a baya.

Baban Amira: Na yarda, Kawu, da sharaɗi ɗaya. A rubuta har da waɗanda suka jira bazara, mu ga nawa ne a cikinsu suka gama tserensu na farko tare da gungu.