Shin sai ɗalibin akanta ya iya ciro bayanai da hannunsa kafin a ba shi digiri na biyu?

Malamin akanta a jami'a: Assalamu alaikum. Ina da wani ra'ayi da na san ba kowa ne zai amince da shi ba. Bai kamata a ba ɗalibi digiri na biyu a fannin akanta ba, sai ya nuna cewa zai iya shiga rumbun bayanan kamfani da kansa, ya ciro abin da yake buƙata da SQL, wato harshen kwamfuta da ake tambayar rumbun bayanai da shi, ya tace shi, sannan ya ɗora shawarar kasuwanci a kansa. Idan aka ce lokaci ba zai isa ba, to a rage darussan ƙa'idoji da ɗalibin ya riga ya yi a digirin farko ana kuma maimaita masa su. Hujjata ita ce shafin Excel ba ya ɗaukar fiye da layi 1,048,576, alhali kamfani mai rassa da yawa yana iya tara cinikin da ya zarce haka tun shekara ba ta ƙare ba. A watan Oktoban 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta bar mutum 15,841 da suka kamu da korona a wajen ƙidayarta, saboda an yi amfani da tsohon tsarin Excel mai layi 65,536, wanda ya cika ya zubar da ragowar ba tare da kowa ya lura ba. Akantan da ke jiran wani ya yanko masa bayanai bai san abin da aka bari a baya ba, kuma shi ne zai sa hannu a rahoton. A Amurka ma, tun daga watan Janairun 2024 aka sauya tsarin jarrabawar ƙwararrun akantoci ta CPA, aka ba fasahar bayanai gurbi mafi girma a cikinta.

Tsohon mai binciken kuɗi: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, na yarda da rabin maganarka, amma rabin da ya shafi rage ƙa'idoji ban yarda da shi ba ko kaɗan. A duba manyan badaƙalolin da suka girgiza wannan sana'a a ga ko rashin iya SQL ne ya haddasa su. A kamfanin sadarwa na WorldCom da ke Amurka a 2002, kuɗin hayar layukan sadarwa, wanda kashewa ce ta yau da kullum, aka riƙa rubuta shi a matsayin kadara domin riba ta kumbura, kuma abin da aka fara bankaɗowa ya kai dala biliyan 3.8. Ɓangarori biyu na littafin asusun, wato ɓangarorin da ake shigar da kowace mu'amala a cikinsu, sun daidaita tsaf, saboda haka kwamfuta ba ta da dalilin yin ƙorafi. Wanda ya san bambancin kashewa da kadara ne kaɗai zai ga cewa an saka abu inda ba gurbinsa ba. Haka kamfanin Wirecard na Jamus a 2020: Yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankuna biyu a Filifin ba su da samuwa. Duk nazarin da za a yi a kan bayanan ƙarya, sakamakonsa ƙarya ne, kuma abin da ake buƙata a wurin shi ne tsohon aikin nan na neman tabbaci kai tsaye daga banki. Ban da wannan, manhajoji suna tsufa. A zamaninmu manhajar lissafi ta Lotus 1-2-3 ake yayi, yau kuwa ɗalibanka ba su ma san sunanta ba, amma tsarin shigar da kowace mu'amala a ɓangarori biyu, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa na 1494, yana nan daram.

Malamin akanta a jami'a: Ranka ya daɗe, misalin WorldCom ai nawa ne. Cynthia Cooper da ma'aikatanta na sashen binciken cikin gida ba su tsaya ga takardun da aka miƙo musu ba. Sun shiga tsarin kwamfutar asusun kamfanin da kansu, sau da yawa da daddare, suna bin shigarwa ɗaya bayan ɗaya har suka iske waɗanda ba su da takardar shaida. Sanin ƙa'ida ne ya gaya musu abin da za su nema, iya tonon bayanai kuma shi ya kai su wurin. Batun tsufa kuwa bai shafi SQL ba, domin a shekarun 1970 aka ƙirƙiro shi a kamfanin IBM, ya girmi Excel, kuma har gobe da shi ake magana da rumbunan bayanai. Ka fi ni sanin cewa ƙa'idar binciken kuɗi ta duniya mai lamba 240 ta wajabta gwada shigarwar babban littafin asusu domin gano maguɗi. Ta yaya za a yi wannan a littafi mai shigarwa miliyan biyar idan mai binciken bai iya tambayar rumbun ya fito masa da waɗanda aka yi a ranar hutu, ko waɗanda mutum ɗaya ya shigar kuma ya amince da su ba?

Ɗaliba mai karatun digiri na biyu: Ina neman afuwar malamaina, zan faɗi abin da muke gani daga kujerar ɗalibi. An koya mana SQL da Power BI, manhajar da ke mayar da bayanai zane-zane, amma bayanan da aka ba mu a aji tsaftatattu ne: kowane gurbi a cike, kowane suna an rubuta shi iri ɗaya. Sai da na karɓi bayanan ciniki na gaske domin aikin bincikena na ga wani abu dabam. Kwastoma ɗaya an shigar da shi da suna uku, sau ɗaya cikakke, sau ɗaya a taƙaice, sau ɗaya da kuskuren harafi, don haka a jerin manyan kwastomomi bai fito ba sam. Wani reshe yana fara rubuta rana kafin wata, wani yana fara rubuta wata kafin rana, ta yadda 03/04 zai iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɗauke ciniki daga rubu'in farko na shekara ya kai shi na biyu. Kayan da aka dawo da su kuma, wani wuri an cire su, wani wuri an shigar da su kamar sabon ciniki. Mafi yawan lokacina a gyaran waɗannan ya tafi, kuma babu darasin da ya shirya ni a kai. A ganina, tambayar ba ta tsaya ga ko a koyar ko kada a koyar ba, har da irin bayanan da ake koyarwa da su.

Malamin ƙididdiga: Ɗalibarmu ta taɓo wuri mai muhimmanci, ni kuma zan ƙara da wani gurbin da malamai biyun suka tsallake. Ɗalibi yana iya ƙwarewa a SQL, ya haddace ƙa'idojin akanta, amma ya yi mummunar fassara ga abin da lambobi suka nuna. A ɗauki dokar Benford, wadda Simon Newcomb ya fara lura da ita a 1881, Frank Benford ya sake gano ta a 1938. Ta nuna cewa a tarin adadi da yawa na rayuwar yau da kullum, kusan kashi 30 cikin 100 suna farawa da lamba 1, waɗanda ke farawa da 9 kuwa ba su kai kashi 5 ba. Masu binciken maguɗi suna amfani da ita, ɗalibai kuma suna matuƙar sonta saboda sauƙinta. Sai ka ga ɗalibi ya gwada ta a kan lambobin rasit da ake bayarwa bi da bi, ko a kan kayan da farashinsu tsayayye ne, ya zo yana cewa ya kama ɓarawo, alhali dokar ba ta aiki a irin waɗannan wurare. Haka nan, ana yawan cewa yanzu an daina ɗaukar samfur, wato zaɓar kaɗan a gwada a madadin duka, ana gwada dukkan mu'amaloli. Madalla, amma gwajin zai fito da dubban shigarwa masu alamar tambaya, kuma wanda bai san yadda zai rarrabe su ba zai koma ɗaukar samfur daga cikinsu.

Abin da nake so a koyar shi ne shakka. A 2013 wani ɗalibin digirin digirgir a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya yi ƙoƙarin maimaita lissafin fitattun masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, waɗanda suka nuna a 2010 cewa tattalin arzikin ƙasa yana ja da baya idan bashinta ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa. Lissafin ya ƙi fita. Da ya samu ainihin shafin Excel ɗin nasu sai ya tarar an bar ƙasashe biyar a wajen jimillar, ga kuma wasu zaɓuɓɓuka na lissafi masu ayar tambaya, kuma bayan gyara ja da bayan kashi 0.1 ya koma ci gaban kashi 2.2. Aikin aji ne aka ba shi na ya maimaita binciken wasu. Irin wannan aikin na fi so a wajabta.

Daraktar kuɗi a wani kamfani: Ni ce mai ɗaukar waɗanda kuke yayewa, don haka bari na faɗi inda abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Matasa suna zuwa da zane-zane masu launi, kuma da zarar an tambaye su shawarar da za a yanke sai su yi shiru, ko kuma su ba da shawara mai haɗari. Ga misali na ƙaddarawa. Wata haja tana kawo cinikin 100, kuɗin da ake kashewa kai tsaye wajen samar da ita 70 ne, sannan an ɗora mata 40 a matsayin kasonta na hayar ofis da albashin shugabanni. Zanen zai nuna ta da ja, wai tana jawo asarar 10, sabon ma'aikaci kuma zai ce a daina sayar da ita. Idan aka daina, hayar ofis ba ta ragu ba, albashin shugabanni bai ragu ba, an dai yi asarar 30 ɗin da take bayarwa wajen ɗaukar waɗannan nauye-nauye. Wannan darasin akanta ne na gudanarwa, babu manhajar da za ta koyar da shi. Duk da haka ba na goyon bayan a bar wa sashen kwamfuta aikin ciro bayanai. Idan ka ce musu su kawo cinikin wata, ba lallai su tambaye ka ko ranar rubuta takardar biya kake nufi, ko ranar kai kaya, ko ranar da kuɗi suka shigo ba, kuma kowace tana ba da adadi dabam. Saboda haka ina tare da Malam a kan wajabcin, da sharaɗin kowane aiki ya ƙare da takarda shafi ɗaya wadda ɗalibi zai faɗi abin da za a yi, da dalili, da abin da zai sa ya janye shawarar.

Tsohon mai binciken kuɗi: Hajiya, kin ƙarfafa ni ba ki sani ba, domin misalinki ya nuna cewa darasin da ake son ragewa shi ne ke hana ɓarna. Har yanzu Malam bai faɗa mana abin da zai cire ba. Haɗa asusun rukunin kamfanoni ne, ko haraji, ko ɗa'ar sana'a? Sannan wa zai koyar? Da yawa daga malaman akanta ba su taɓa rubuta layi ɗaya na SQL ba, idan kuma aka aro malami daga sashen kwamfuta, za a koma ga matsalar da Hajiya ta ambata. Ga kuma batun sirri, domin babu kamfani mai hankali da zai miƙa wa aji guda littafin asusunsa.

Malamin akanta a jami'a: Ba zan cire kwas ko ɗaya ba. Makonnin farko da ake ɓatawa wajen bitar digirin farko su zan ɗauka, kuma ba na son a ware nazarin bayanai a kwas na dabam inda zai zauna shi kaɗai. A shigar da shi cikin darasin bincike da na akantar gudanarwa, ta yadda misalin Hajiya zai zo wa ɗalibi a cikin layi dubu ɗari biyu, ya tono shi da kansa. Game da bayanai, tun daga 2009 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta fara wajabta wa kamfanoni miƙa rahotannin kuɗinsu a tsarin XBRL da kwamfuta ke iya karantawa, kuma kowa yana iya sauke su kyauta. Ƙarancin malamai kam gaskiya ne, kuma maganinsa shi ne malami biyu su shiga aji ɗaya har na akanta ya tsaya da ƙafarsa.

Malamin ƙididdiga: Rahotannin XBRL jimilloli ne da aka riga aka tace, Malam. Suna da amfani wajen kwatanta kamfanoni, amma ba za su nuna wa ɗalibi kwastoma mai suna uku ba. Dole malami ya ƙera bayanan mu'amaloli da kansa ya dasa kurakurai a ciki da gangan, kuma wannan aiki ne mai cin lokaci wanda ba kasafai ake lissafa wa malami shi ba.

Ɗaliba mai karatun digiri na biyu: Akwai abin da abokan karatuna ke faɗa wanda ya kamata malamai su ji. Suna cewa tunda manhajoji irin su ChatGPT suna rubuta SQL idan aka yi musu bayani da magana, wahalar koyonsa ba ta da amfani.

Malamin akanta a jami'a: Za su rubuta, kuma sau da yawa daidai. Amma a ce an haɗa jadawalin takardun biya da jadawalin kuɗin da suka shigo, kuma wani kwastoma ya biya takarda ɗaya a kashi uku. Takardar za ta fito sau uku, cinikinta ya ninka uku, kuma babu saƙon kuskure da zai bayyana. Wanda bai iya karanta abin da aka rubuta masa ba zai kai wannan adadi gaban hukumar gudanarwa.

Tsohon mai binciken kuɗi: Ko bai iya karantawa ba zai kama shi, muddin an koya masa ya daidaita jimillar abin da ya ciro da jimillar da ke babban littafin asusu kafin ya zana komai. Idan za a sa wannan a matsayin matakin farko na kowane aiki, kuma duk wanda ya tsallake shi ya faɗi ko da zanensa ya fi na kowa kyau, zan sassauta a kan wajabcin. Makonnin bita kuwa ban sallama su ba, domin ba duk masu shiga digiri na biyu ne suka karanta akanta a digirin farko ba, kuma Malam bai ce komai a kan waɗannan ba tukuna.