Kyamarar tsaro a gida: kwamfutar gwanjo ce ta fi araha, ko kuwa?

Alhaji Sani: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Kyamara huɗu nake son sawa a gidana na unguwar Zariya a nan Maradi, biyu a ƙofa, ɗaya a gareji, ɗaya a sito. Ba na son irin wadda ke tura hoton iyalina wata ƙasa ana ajiye mani ina biya duk wata. Komai ya zauna a gidana. Isuhu ya ce in sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta gwanjo, wai wanda ya sayi sabuwa don wannan aiki ya zubar da kuɗinsa. Me kuka gani?

Isuhu: Wa alaikumus salam Alhaji. Ina nan kan bakana. Dell OptiPlex ko HP ta gwanjo mai ƙwaƙwalwar Core i5, in dai daga ƙarni na 6 zuwa sama ce, za ta ɗauki kyamara huɗu tana dariya. A sa mata Linux a madadin Windows, da manhajar Frigate mai kula da kyamarori, kyauta ce, har ta bambanta mutum da akuya. Akwai wurin ɗaura babban faifan ajiya a cikinta, kuma in ta samu matsala ba mai gyaran da bai san ta ba, nan ko Kano.

Rabi'u mai sola: Isuhu, kuɗin saye kaɗai ka lissafa. Abin nan ba a kashe shi, dare da rana yake aiki, kuma lokacin da aka ɗauke wuta shi ne lokacin da aka fi buƙatarsa. Babbar kwamfutar nan in tana aiki tana jan kamar wat 55. Kyamara huɗu da fitilunsu na dare, haɗe da akwatin da ke ba su wuta, ka sa wat 25. Tamanin ke nan. Batir mai volt 12, amfiya 100, a takarda yana riƙe da wat 1200 na awa guda, amma irin na dalma rabi ake ci in ana son ya daɗe, wato 600. Raba 600 da 80: awa bakwai da rabi, tun ba a cire abin da inbata ke ci ba. Ƙaramar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel N100 kuwa, ita da faifanta ba za su wuce wat 15 ba. Jimla 40, awa 15 a kan batir ɗin nan dai. Abin da ka rage wa Alhaji a kwamfuta zai biya shi a batir na biyu.

Isuhu: Kai dama batir kake sayarwa, ai kamata ya yi ka goyi bayana.

Rabi'u mai sola: Na fi son in sayar masa da ɗaya ya dawo yana sa mani albarka. Kuma kada mu manta wutar Maradi ta layin Katsina take shigowa. Watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke ta, sai a Maris na 2024 aka maido. Wanda ya ga wannan bai kamata ya ɗora tsaron gidansa a kan abu mai cin wuta ba. Wani abin kuma, da yawa daga cikin masu N100 ɗin volt 12 suke sha, za a iya ba su daga batir ta ƴar na'urar daidaita wuta, ba sai an bi ta inbata ba.

Malam Laminu: Ku yi haƙuri in shigo. Duk wannan wahalar ta mece ce? A sayi akwatin NVR, wato na ajiye hoton kyamara, na Hikvision ko Dahua mai bakin PoE huɗu (bakin da ke ba kyamara wuta ta wayar hotonta), a soka waya, hoto ya fito. Alhaji ɗan kasuwa ne, ba zai zauna yana buga umarni a baƙin allo ba.

Alhaji Sani: Gaskiyarka Malam. Sai dai ina son in ajiye lissafin shago da hotunan yara a wuri guda, shi ya sa nake maganar kwamfuta.

Malam Laminu: To lissafin shagon ma da kyamara kada su kwana a faifai ɗaya. Kyamara ba ta daina rubutu, ita ce za ta fara gajiyar da shi.

Habibu: Ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi fa? Na ji an ce ba ta cin wuta ko kaɗan.

Nana Hadiza: Yaya Habibu, ba ta ci ɗin, amma ba zan ba Baba Alhaji shawararta ba. Pi 5 da ta fito a 2023 an cire mata sashen da ke warware bidiyon H.264 (wani tsarin matse bidiyo) da kansa, sai ƙwaƙwalwarta ta ɗauki nauyin, ga shi kyamarori masu sauƙin kuɗi da yawa da shi suke aiki. In zafinta ya kai digiri 80 da kanta take rage gudu. Ku tuna ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, waje ma ya haura 40. Kafin ka sayi akwatinta da fanka da caja da faifai, kuɗin ya kusa na N100, wadda ta zo da kayanta a haɗe. Katin memori na gama-gari kuwa ba ya jure rubutun dare da rana.

Isuhu: To ku tsaya. Gwanjo ba babbar kaɗai ba ce. Akwai OptiPlex Micro da Lenovo Tiny, ƙanana kamar littafi, su ma ba su da ci.

Rabi'u mai sola: Wannan wata magana ce daban, ba ita ka fara yi ba. Waɗannan na yarda ba su da ci. Amma volt 19 zuwa 20 suke so, kuma babban faifai ba ya shiga cikinsu, ƙarami ne kawai irin na laftof.

Isuhu: N100 ɗin taka ma babban faifan ba ya shiga. Sai a waje, da wayar USB tana reto. Kuma in allonta ya ƙone wa zai gyara maka a Maradi? Jefarwa za a yi.

Nana Hadiza: Nan kam Yaya Isuhu ya yi gaskiya. Kuma faifan shi ne abin da ya kamata a fara lissafawa. Kyamara mai tura megabit 4 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 43 a yini. Huɗu, 170 da ɗoriya. Faifai mai terabait 2 kwana 11 zai riƙe ya fara goge na baya. In an saita ta ajiye inda aka ga motsi kawai, sai ya kai makonni. Ku sayi kwamfutar a gwanjo in kun so, amma faifan ya zama sabo, WD Purple ko Seagate SkyHawk, don wannan aikin aka yi su. Araha ba ta ado, balle a faifan da ba ka san shekarun da ya yi yana juyawa ba.

Habibu: Kyamarar Wi-Fi ba ta fi sauƙi ba?

Rabi'u mai sola: Ita ma sai ka ja mata wuta, to ina sauƙin? PoE waya ɗaya ce, hoto da wuta tare, har mita 100. A tabbata dai a kwalin an rubuta ONVIF ko RTSP, wato hanyoyin da wata manhaja za ta karɓi hotonta, in ba haka ba manhajar kamfaninta kaɗai za ta saurara.

Hajiya Zeinabu: Ni ban san wat ba. Maƙwabcinmu an shiga masa, ɓarayin suka haɗa da akwatin da ke ajiye hoton, yana nan a falo ƙarƙashin talabijin. Kowacce kuka saya, a ina za a aje ta?

Malam Laminu: Hajiya ta fi mu duka. A ɓoye ta, kuma a sa katin memori mai jure rubutu a cikin kowace kyamara, ya zama kwafi na biyu.

Isuhu: A ɓoye ta amma ba cikin durowa a rufe ba, za ta dahu. Kuma in hunturu ya shigo a riƙa buɗe ta ana hure ƙurar fanka.

Alhaji Sani: To Isuhu, kawo ƙaramar gwanjon nan ranar Asabar bayan la'asar. Rabi'u, zo da N100 ɗin da ma'auninka, a jona su a gabana a ga abin da kowacce ke ja.

Rabi'u mai sola: Da sharaɗi, Alhaji: a auna da kyamarori huɗun a kunne, ba tana zaune ba aiki ba.

Malam Laminu: Ni ma zan zo. Ina son in ji wanda za a kira ranar da ta tsaya Nana tana Yamai.