Garin sinadarin da ke tatso ruwa daga iska: zai yi a Marwa?

Maman Halima, Marwa: Assalamu alaikum. Ɗana da ke lise (sakandare) ya ce an ƙera wani gari kamar hoda mai suna MOF da ke tsotsar ruwa daga iskar hamada, har masu shi sun ci kyautar Nobel a 2025. Mu nan da rani ya kama, kogin Mayo Kaliyawo yashi ne zalla, yara na tona rami suna kwasar ruwa da ƙoƙo. Don Allah masana, gaskiya ne? Yaya abu zai sha ruwa a iskar da ke tsaga leɓe?

Malamin Kimiyya, Garwa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Yaronki ya yi gaskiya. Mutum uku aka ba: Richard Robson, Susumu Kitagawa da Omar Yaghi. Shi Yaghi a Amman, babban birnin Jodan, ya tashi, cikin ƙarancin ruwa irin namu.

Abin kamar kafa rumfa ne, ƙwayoyin ƙarfe su ne ginshiƙai, wasu sinadarai masu tsawo su ne azara, tsakaninsu kuma fili. Abin da ya fi burge ni, tun a takarda ake tsara shi: in ka tsawaita azarar ramin ya faɗaɗa, in ka sauya ta ka sauya abin da zai maƙale a ciki. Gawayi ma yana da ramuka, amma yadda wuta ta bar su haka za ka karɓa. Nau'in MOF-5 da aka yi da zinki a 1999 danshi na lalata shi, sai aka koma ƙarafan zirkoniyam da alminiyam masu jure ruwa. MOF-801 na shan ruwa ko danshin iska kashi 20 ne cikin ɗari. Da dare ya sha, da rana zafi ya fitar da tururin, a sanyaya shi ya ɗiga.

Mai Foraj (rijiyar burtsatse), Kusiri: To Malam, lita nawa? Mu da jarka muke lissafi.

Malamin Kimiyya, Garwa: Nan fa gizo ke saƙar, Alhaji. A gwajin hamadar Mojabe ta Amurka, kilo guda na MOF-303 ya ba da kusan lita 0.7 a rana, shi ma da fanka mai wutar sola. Jarkar lita 20 sai kilo kusan 30. Ga ƙurar hunturu da za ta toshe matatar iska.

Maman Halima, Marwa: Na gode Malam, Allah ya ƙara basira. Foraj dai za mu ci gaba da nema wa unguwa. Amma asibitin ƙauye da ke buƙatar ruwa mai tsabta kaɗan, shi ba zai amfana ba?