Allurar cikin ido ta lalacewar gani saboda tsufa: me ya sa ba ta ƙarewa?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Dattawan da tsakiyar ganinsu ke lalacewa ana yi musu allura a cikin ido wata-wata. Warkarwa take yi ko kuwa? Kuma babu wata sabuwar dabara da za ta rage yawan zuwa asibiti?

Likitan Ido:
Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe ciwon take yi, ba ta kawar da shi. Ciwon nau'i biyu ne: mai tsattsafo da busasshe. A nau'in da ke tsattsafo, wasu jijiyoyin jini marasa ƙwari ne ke tsirowa ƙarƙashin makula, tsakiyar tantanin gani, suna yoyon ruwa da jini. Mutum zai ga gefen ƙofa ya lanƙwashe, fuskar wanda ke gabansa ta dushe, amma gefen ganinsa lafiya lau. Furotin mai suna VEGF ke tsirar da jijiyoyin, allurar kuma ɗaure shi take yi. Da maganin ya ƙare a ido, sai yoyon ya dawo.

Ana fara da allura uku, wata ɗaya tsakani: ranibizumab miligiram 0.5 ko aflibercept miligiram 2, cikin mililita 0.05. Daga nan hoton OCT, wato hoton cikin ido da ke nuna ko akwai ruwa a tantanin gani, ke yanke hukunci. In tantanin ya bushe, a ƙara mako biyu a tazara. In ruwa ya dawo, a rage. Abin da ya fi damuna shi ne tsallake ranar allura, domin in wurin ya zama tabo, babu allurar da za ta dawo da ganin.

Ma'aikaciyar Jinya:
Dakta ya gama magana, sai ɗan ƙari. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a wanke ido da aidin mai kashi 5 cikin ɗari, a soka allurar a farin ido, milimita 3.5 zuwa 4 daga gefen baƙin ido. Ɗigon ja a farin ido ko ƙaiƙayi na yini ɗaya ba komai ba ne. Amma ciwo mai ƙaruwa, ja mai yawa da raguwar gani cikin 'yan kwanaki alamar ƙwayar cuta ce ta shiga ciki. Wannan a ranar ake komawa, ba a jira gobe.

Likitan Ido:
Haka ne, Sista. Batun rage zirga-zirga kuwa, maganin allura mai suna faricimab da Amurka ta amince da shi a 2022 yakan kai wasu mako 16 tsakanin allura. Akwai kuma Susvimo, ɗan mazubin magani kamar ƙwayar shinkafa da ake dasawa a bangon ido, ana sake cika shi duk wata shida. An janye shi a 2022 saboda marfinsa na gocewa, aka gyara ya dawo a 2024.

Busasshen nau'in kuwa wannan allurar ba ta yi masa amfani. Wani maganin allurar ido na daban mai suna pegcetacoplan, da ya fito a 2023, yana rage saurin yaɗuwarsa ne kawai, kuma yakan ƙara haɗarin juyewa zuwa mai tsattsafo, don haka sai an ci gaba da duba OCT.