Lanƙwasa fayif ɗin waya a kan fila da fayif ɗin ruwa: yaya kuke yi ya fito sumul?

Ɗan koyo:
Assalamu alaikum iyayen gida a wannan sana'a. Ina da aikin fayif ɗin roba mai milimita 20 a saman bango, ba binne shi za a yi ba, kowa zai gani. A hanya akwai fila, wato ginshiƙi, da ta turo daga bango kamar santimita 10, can gaba kuma wani fayif ɗin ruwa ya gitta. Ba na son in cika wurin da elbo. Idan na sa shi a gwiwa na lanƙwasa sai ya lotse, cikinsa ya tsuke. Ku da kuka saba, don Allah yaya kuke yi?

Tsohon hannu:
Wa'alaikumus salam. Yaro, fayif ba ya lanƙwasuwa da kyau idan cikinsa wayam yake. Nemi sifirin na lanƙwasa, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe da ake zurawa cikin fayif, wanda aka yi wa milimita 20. Ka lura, akwai na fayif mai kauri akwai na marar kauri, don ramin cikinsu ba ɗaya ba ne. Idan sifirin ya yi wa fayif kaɗan, zai lotse ko da yana ciki.

Ni dai ina ɗaura guntuwar waya a zoben sifirin, in auna ta daga waje in sa alama, don in san ya tsaya daidai tsakiyar inda nake so. Sai in ɗauki tsumma in yi ta gurza wurin har ya yi ɗumi a tafin hannu, musamman da sanyin safiya, don roba mai sanyi tana iya karyewa ƙas. Daga nan in sa a ƙasan gwiwa, hannuwa nesa da juna, in ja kaɗan, in gusa, in ƙara ja, in gusa. Kada ka zuba ƙarfinka duka a wuri ɗaya. Kuma ka ɗan zarce kwanar da kake so, don yana sakewa ya dawo baya. Idan sifirin ya maƙale kada ka fizge shi, zai miƙe ya lalace. Murɗa shi ta ɓangaren da yake ƙara matsewa kana ja a hankali, zai fito.

Mai aikin masana'anta:
Maganar Baba haka take ga fayif mai milimita 20 da 25. Amma daga 32 zuwa sama ni ban ga gwiwar da za ta iya ba, sai zafi. Ina amfani da injin hura iska mai zafi. Robar PVC tana fara laushi ne wajen digiri 80 na Selshiyos, ka ga ba wani zafi mai yawa take buƙata ba, haƙuri take so. Hannu ɗaya yana juya fayif, ɗayan yana kai injin gaba da baya, kuma in ɗumama wuri mai tsawo fiye da kwanar kanta. Za ka ga ya fara sauka da kansa kamar jiƙaƙƙiyar igiya. A lokacin nake kwantar da shi a kan zanen da na riga na yi da alli a ƙasa, in riƙe, in shafa masa jiƙaƙƙen tsumma ya daskare a haka.

Idan ka ga launin ya koma ruwan ƙasa, ko ya yi ƙuraje, yanke ka yar. Wurin ya ƙone, watarana zai fashe.

Mai gyaran gidaje:
Oga, ba kowa ke da wannan injin ba, kuma sau da yawa ginin ma ba a kai ga jawo masa wuta ba. Ni yashi nake cika wa manyan fayif, in toshe baki biyu, in zuba wa wurin tafasasshen ruwa a hankali har ya yi laushi. Yashin ne ke riƙe cikin kada ya tsuke. Sai dai ya zama busasshe, a bubbuga fayif ɗin ya zauna dam. Bayan an gama a zazzage shi tas a ja tsumma ta ciki, don ƙwayar yashi tana kankare rigar waya lokacin ja. Na ga wasu suna gasawa a kan harshen wuta, yana yi musu, amma ni ban yarda da shi ba.

Mai aikin masana'anta:
Gara da ba ka yarda ba, ɗan'uwa. Hayaƙin PVC idan ya ƙone akwai iskar haidirojin kuloraid a ciki, tana cin hanci da huhu. Na taɓa shiga ɗakin da wani yake gasa fayif tagogi a rufe, ido na yaji maƙogwaro na ƙuna, sai da muka fito da shi waje. Wata dabara kuma: idan ka toshe baki biyu sosai ko babu yashi, iskar da ke ciki tana kumbura da zafi ta tokare jikin fayif daga ciki. Kan manya yana taimakawa ƙwarai.

Malamin koyar da sana'a:
Kowa ya faɗi yadda ake lanƙwasawa, ba wanda ya faɗi inda za a sa alama, kuma nan ne aiki yake fita kyau ko ya fita a karkace. Ɗalibi, ɗauko biro.

Don hawa filarka, yi kwana biyu masu digiri 30, ɗaya ta ɗaga fayif daga bango, ɗaya ta miƙar da shi. Tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ita ce tsayin abin da za ka haye sau 2. Filar ta turo santimita 10, to tsakanin alama da alama santimita 20 ke nan. Idan digiri 45 ka zaɓa, sau 1.4 ne, sai dai waya ta fi shan wahala a ciki. Ka tuna fayif yana gajarta idan ya karkata, a digiri 30 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin da ka haye, saboda haka kada ka yanke bakinsa sai ka gama. A ɗaya gefen filar ka maimaita don ka sauko.

Fayif ɗin ruwan kuwa kwana uku ya ishe shi: digiri 45 a tsakiya daidai kansa, 22.5 a kowane gefe.

Abin da ya fi ba ni aiki da ɗalibai shi ne kwana ta biyu ta kalli wani wajen daban, idan an ajiye fayif a ƙasa ƙafa ɗaya ta ɗaga sama. Maganinsa, ka bi rubutun da kamfani ya buga a jikin fayif, ko ka ja layi da biro mai kauri daga farko zuwa ƙarshe, duk kwanar da za ka yi layin ya kasance a waje ɗaya.

Injiniya mai duba aiki:
Ni da nake zuwa bayan kun gama, abin da nake dubawa shi ne ko waya za ta wuce ba tare da an yi dambe da ita ba. Ƙa'idar wayarin ta Amurka ta ce jimillar kwanoni tsakanin bokis da bokis kada ta wuce digiri 360. A tsarin Ingila kuma, tazara daga cikin lanƙwasar zuwa tsakiyar da'irarta kada ta gaza faɗin fayif sau biyu da rabi, wato milimita 50 ga fayif mai 20. Lissafa naka: fila ta ci 120, fayif ɗin ruwa ya ci 90, ka kai 210 tun ba ka shiga kusurwar ɗaki ba. Idan da saura a gaba, sa bokis a tsakani. Kuma tunda a saman bango ne, kada ka ɗaure kilif tamau, roba tana miƙewa da zafi, mita 10 na iya ƙara kusan milimita 18 idan zafi ya tashi da digiri 30.

Ɗan koyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Na samo sifirin, na gwada a kan guntaye tukuna. Na filar ya zauna daidai da lissafin Malam. Na kan fayif ɗin ruwan ne har yanzu tsakiyarsa ke ɗan taɓawa.

Tsohon hannu:
Ƙara rabin santimita a kan tsayin da ka auna, ka fara da kwanar tsakiya sannan na gefe. Kafin ka buga kilif ko ka shafa gam, zura tef ɗin jan waya daga wannan baki zuwa wancan. Idan ya tsaya a wata kwana, sake ta tun yanzu.